Wayar da Na Buga Kafin a Rufe Rumfa

Harlem, New York

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin huta gajiyar jirgi, cikinki kuma ya karɓi ruwan gida ba tare da rigima ba. Allah Ya tsare ki a masauki da wurin aiki, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Ki gaishe mini da Kawu Bala da iyalinsa baki ɗaya.

Kin ga yadda na yi a filin jirgi. Mutumin da ya taɓa cin abinci da bakinsa a gaban kyamara, ya tsaya yana ta gyara miki hannun jaka kamar abin da ya kawo shi ke nan. Mamanki ce ta yi magana, ta yi tata ta yi tawa. A cikin maganganunta akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai. Ta riƙe hannunki ta ce, "Ummi, ranar election ɗin nan, da kin ga inda abin ya dosa, ki raɗa wa Yaya kafin ki hau TV. Kada ɗan'uwana ya ji faɗuwarsa a bakin akwati kamar wani bare." Ke kuma kika ce, "Okay, Mama," da irin okay ɗin nan naki da ba a gane ko e ne ko a'a.

To ga yadda abin yake. Gidan talabijin na can gida ya ɗauke ki sharhin zaɓe, aikin da na yi a nan. Kin tafi da niyyar kafa musu irin tsarin da kika koya, a tsayar da masu fitowa daga rumfa a tambaye su, a san inda aka dosa tun rana ba ta faɗi ba. Kawunki kuwa, yayan mamanki uwa ɗaya uba ɗaya, yana takarar kujerar majalisa. A gidansa za ki kwana, tuwonsa za ki ci, kuma za ki san makomarsa kafin shi ya sani. Na taɓa tsayawa daidai inda za ki tsaya. Kin san labarin a gutsure, daga tsokanar mamanki da take ce mini Malam Mai Waya. Yau ina so ki ji shi daga tushe, har da ƙananan shirmen da na yi kafin babban.

Zaɓen farko da na gani a ƙasar nan, a falon Mista Lucius na gan shi. Ke kin san shi a matsayin tsohon mai gidanmu da ke gyaran famfo yana waƙar coci. Amma lokacin da muka iso farkon shekarun sittin, kina riƙe da gefen zanen mamanki, shi kaɗai ya buɗe mana ƙofa bayan mun sha zagaye an yi ta ce mana ɗakin ya riga ya tafi. Ya dube mu da rigunanmu na gida a cikin wannan sanyi, ya ce, "Ku shigo tukuna. Maganar haya sai kun daina karkarwa." Shi ya nuna mini yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na ƙare a Brooklyn ba, shi ya ɗauke ki a kafaɗa zuwa asibiti lokacin da numfashinki ya sarƙe.

Ranar zaɓen ya kira ni da magariba in zo in ga yadda suke nasu. Muna zaune, ƙirga ko nisa ba ta yi ba, sai wani mai tabarau ya bayyana a akwatin talabijin ya ce wane ya ci. Haka kawai, ko gezau. Na juya na ce, "Mista Lucius, wannan duba yake yi? Mu ma muna da masu buga ƙasa, amma ba a sa su a rediyo." Ya yi dariya har da tari. Washegari kuwa jaridu suka tabbatar da maganar mai tabarau. Abin ya tsaya mini, Ummi. Ni ɗalibin ƙididdiga ne, na san a littafi cewa kaɗan yana iya nuna mai yawa, amma ban taɓa ganin an yi haka da mutane masu rai ba, mutanen da kowanne ya shiga bayan labule shi kaɗai yana ganin babu wanda ya san zuciyarsa. Ta yaya wani a ɗaki mai sanyi zai san abin da suka yi? Wannan tambayar ce ta ja ni, ba son suna ba, son suna daga baya ya zo.

Da na ga an liƙa a allon jami'a cewa wani gidan talabijin yana neman ɗalibai don aikin zaɓe, na je. Shugabar ɗakin hasashe wata 'yar guntuwar mace ce, Madam Roz, sigari a baki, fensir a gashi, ba ta san sannu ba. Ta bayyana mana dabarar: ana zaɓar rumfuna kaɗan waɗanda tarihin ƙuri'arsu ya yi kama da na gari duka, a tura mutum kowace, da an buɗe bayan na'urar jefa ƙuri'a ya buga waya ya faɗi abin da ya gani. Sai na tuna kakanki yana sayen gyaɗa. Ba ya zazzage buhu. Yakan soka hannu a sama, a tsakiya, a ƙasa, ya murza, ya faɗi kuɗi. Na gaya mata haka. Ta cire sigarin ta ce, "An taɓa cutarsa?" Na ce sau da yawa, masu zuba mai kyau daidai inda hannu yake kaiwa. Ta ce, "To ka riga ka san aikin duka. Zauna."

Shekarun farko aikina buga waya ne kawai, ban ɓata komai ba. Ɓarna ta fara ne da aka fito da sabuwar dabara, ta tsayar da masu fitowa daga rumfa a tambaye su wa suka zaɓa. Aka tura ni Staten Island, na hau jirgin fito da sassafe ina jin kaina. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka tsallake mutum kaza, ka tsayar da duk wanda lissafi ya faɗa kansa, ko wane ne, sannan ka sake ƙirga. To amma ni ɗan wa? Ga dattijo mai furfura ya fito yana dogara sanda, lissafi ya ce in bar shi ya wuce in tari wani saurayi mai gashi har kafaɗa da ke bayansa. Raina ya ƙi. Na gaida dattijo, na tambaye shi, ya ji daɗi, har ya ba ni labarin yaƙin da ya je. Bayansa wata tsohuwa ta yi mini murmushi, ita ma ban iya tsallake ta ba. Na koma da takarduna cike, ina jiran yabo. Madam Roz ta duba ta ce, "Isiyaku, a tsibirin nan babu wanda bai kai shekarun fansho ba? Ko annoba aka yi ta kwashe samari?" Aka zubar da aikina na ranar gaba ɗaya.

Ki kula da wannan a wurin yaran da za ki tura, domin a gida abin zai fi haka. Ladabin da aka raine su da shi, shi zai karkatar musu da hannu, ba za su ma san sun karkata ba. Za su tari mai rawani su bar mai talla. Mai gida zai amsa a madadin matansa da ƙannensa, su kuma su rubuta. Mutanenmu kuma ba sa son baƙo ya tafi da ɓacin rai, in suka ga alamar wanda mai tambaya yake so, shi za su ce sun zaɓa, su bi shi da addu'a. Kada ki zage su kan haka. Ki zauna da su ki nuna musu cewa tsallake dattijo a wannan aiki ba raini ba ne, su gaishe shi da kyau, su bar shi ya wuce.

Shirme na biyu a gaban jama'a na yi shi. Bayan na daɗe a ɗakin baya, wata rana muryar mai sharhinmu ta dushe, Madam Roz ta tura ni gaban kyamara da kwat ɗin aro. Mutane suka so ni, ban san dalili ba, wataƙila don yadda nake furta sunayen unguwanninsu. Aka mai da ni na dindindin a zaɓukan birni. Daga nan kai ya fara kumbura. A jirgin ƙasa in wani ya kalle ni sai in gyara zama. To wata maraice ana tsakiyar shiri aka miƙo mini kati cewa ɗan takara na farko yana gaba. Na gyara murya na kawo dalilai masu kyau: masu shaguna sun gaji da haraji, ma'aikatan tashar jiragen ruwa sun juya baya, kuma ni dama na hango haka. Ban rufe baki ba aka miƙo wani katin, ashe an juya sunayen ne, na biyu ke gaba. Wallahi, Ummi, ko numfashi ban ja ba na kawo wasu dalilan, su ma masu kyau, kuma da masu shagunan da ma'aikatan tashar na gina su. Na dawo gida ina ganin na yi gwaninta. Mamanki tana kwashe kwanuka ta ce, "Malam, ashe ko wa ya ci kana da reason ɗinsa a aljihu."

Na ji kunya har cikin ƙashina, don gaskiya ta faɗa. Ki ji tsoron zaƙin bakinki. Ke kin fi ni iya magana, tun kina ƙarama kike kayar da ni a gardama da Turancinki mai gudu. Mai sharhi yana iya bayyana komai bayan ya faru, kuma da ya saba sai ya ɗauka sanin ne. In ba ki sani ba, ki kalli kyamara ki ce ba mu sani ba tukuna. Na gwada daga baya, babu wanda ya kashe akwatinsa.

Yanzu ga babban. Farkon shekarun saba'in Mista Lucius ya shiga zaɓen fid da gwani na kujerar kansila a unguwarmu. Ba shi da kuɗi, yana da mutane. Cocinsu ya ba da motoci, mai gidan jana'izar kan kwana ya ba da nasa dogayen baƙaƙen, aka tsara a yi ta jigilar tsofaffi da marasa ƙarfi zuwa rumfa har a rufe. Mamanki ta soya ƙosai bokiti guda ta kai musu ofis, suka cinye suna tambayar sunansa. Ni kuwa ina can tsakiyar birni, a ɗakin hasashe.

Bayan la'asar alƙaluman unguwarmu suka fara shigowa daga masu tambaya a bakin rumfuna. Mista Lucius yana baya, baya sosai. Dokar ɗakin kowa ya san ta: abin da aka gani a ciki ba ya fita sai an rufe rumfa ta ƙarshe. Na dubi takardar, na tuna cewa in an jima ni ne zan zauna gaban kyamara in faɗi wannan da bakina, shi kuma yana tsaye cikin mutanensa yana kallona.

Ki fahimci abin da ya zo mini a rai, don ba hauka ba ne. A gida ba a tsayawa daga ƙofa a kwaɗa wa mutum mummunan labari. Ana tura babba, ya zauna, a gaisa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, a bar zuciya ta shirya kafin a sauke mata kayan. Mista Lucius kuma ya san wannan al'ada tamu. Lokacin da kakanki ya rasu, a hannunsa wayar tangarahu ta faɗa, don shi ke karɓar saƙon gidan. Bai miƙo mini a matakala ba. Ya je ya tambayi mamanki yadda muke yi, ya jira na dawo daga makaranta, ya zaunar da ni a kicin ɗinsa, ya haɗa mini shayi, ya ce, "Ɗana, an ce jikin babanka ya yi tsanani." Baƙar fatar Amurka, ɗan coci, ya yi mini abin da baffana zai yi mini. Shi ne zan bari ya ji faɗuwarsa daga akwati?

Na ce zan fita salla. Na yi sallar kuwa, a kan kwali a bayan matakala, sannan na sauka titi na shiga ɗakin waya.

"Mista Lucius, kana zaune?"

"Ina tsaye, ɗana. Faɗi."

"Abin ya yi nauyi. Ka shirya zuciyarka."

Ina jin hayaniyar ofishinsa a baya. Can ya ce, "Ba gyara?" Na ce a yadda na gani, babu. Ya ce, "Na gode. Wanda ya raine ka ya iya raino." Na ajiye waya ina jin na sauke nauyi, na koma sama da sauƙin rai.

Ko kaɗan ban yi tunanin abin da mutumin kirki zai yi da irin wannan labari ba. Shi ba ya iya ɓoye abu, kuma ba ya son wahalar da mutane a banza. Ya tara ma'aikatansa ya ce su daina ƙona mai, su koma ga iyalansu, abokinsa na talabijin ya gaya masa an gama. Motoci suka tsaya. Magana ta bi layin rumfuna, waɗanda suka gaji da tsayuwa suka juya gida.

Da aka gama ƙirga ya faɗi, amma da ɗan tazarar da ta sa Madam Roz ta cire tabarau ta sake sawa. Alƙaluman rana sun nuna rami, ƙirga ta nuna taki ɗaya. Dalilin kuwa ni da kaina nake koyar da shi: mutanen Mista Lucius masu wankin asibiti ne da direbobin bas da masu goge ofisoshi, ba sa zuwa rumfa sai sun tashi daga aiki. Abin da na gani da la'asar saman buhu ne kawai, kuma na san haka. Tausayi ne ya rufe mini ido.

Labari ya isa ofis kafin ni. Washegari Madam Roz ta kira ni ta rufe ƙofa. Na shirya wa tsawa, sai ta ce, "Me ya sa?" Kuma da gaske take son ji. Na bayyana mata al'adar. Ta yi ta tambaya kamar ɗaliba: wa ake turawa, in mutumin ya tambaya kai tsaye fa, mata su ma haka ake yi musu? Da na gama ta juya wajen taga. Ta ce, "Da ma haka aka gaya mini mutuwar mahaifiyata. Ni a waya aka jefo mini ina tsakiyar aiki." Sannan ta juyo ta ce, "Amma ku mamacinku ya riga ya mutu kafin ku tashi manzo. Naka yana numfashi ka je ta'aziyya." Ta miƙo mini hannu, aikina na talabijin ya ƙare a ranar. Ban ga laifinta ba, har gobe.

Tun daga nan nake koyarwa a kwalejin Queens, kuma kin sha ganina duk kakar zaɓe na baje takardu a teburin cin abinci. Lissafin nan ɗaya nake sakewa. Motoci nawa, kowace tana ɗaukar mutum nawa, saura lokaci nawa, cikin waɗanda suka juya nawa ne nasa. Wata shekara lissafin ya nuna ya ci, wata shekara ya nuna ya faɗi, ya danganta da abin da na ɗauka. Ni da na shiga aikin nan don in san abu kafin kowa, ga abu ɗaya da ba wanda zai taɓa sani, kuma ni na mai da shi haka. Yana damuna, kuma ba zan ɓoye miki ba, yana ba ni mamaki ma, yadda 'yar magana a ɗakin waya ta shiga cikin abin da ake aunawa ta canja shi.

Mista Lucius bai taɓa yi mini gori ba. Da na je ba shi haƙuri yana ƙarƙashin tukunyar ɗumama gida, ya ce in miƙo masa sifana, ya ce shi ya tsayar da motocin ba ni ba. Wadda ta yi mini magana Misis Odessa ce, tsohuwar hawa na uku da take ba ki alewa a ɓoye. Daga Kudu ta taso, inda ta yi rabin rayuwarta ba a bar ta ta kusanci rumfa ba. Ranar ta sa hularta ta coci ta zauna a bakin ƙofa tana jiran motar da aka ce za ta zo, don ƙafafunta ba sa iya kai ta rumfa. Motar ba ta zo ba. Mun haɗu a matakala bayan kwana biyu, na gaishe ta, ta tsaya ta riƙe ƙarfe tana haki. Ta ce, "A garinmu da karnuka da kulake suka hana ni. Ban san ana yi da waya ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da hawa, ni kuma na tsaya da ledar burodi a hannu. Ina ta tunanin zuciyar mutum ɗaya da na sani, ban tuna da ita ba ko sau ɗaya.

Ita nake tunawa in na tuna inda kika tafi. A wannan babban zaɓe matan Arewa za su shiga layi, abin da kakarki da na sa miki sunanta ba ta taɓa yi ba har ta koma ga Allah. Ina kishinki, Ummi, wallahi ina kishinki. Ni ban taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwata, na bar gida kafin in samu dama, nan kuma ba ƙasata ba ce. Na yi shekaru ina faɗin abin da ke bayan labule ban taɓa shiga ba. Yanzu ga tambayar da ta fi duk wadda na taɓa aiki a kanta: me matan nan za su yi in sun shiga su kaɗai? Za su bi mazajensu? Za su ce to a gida su yi nasu a rumfa? Babu tsohon tarihin da za ki duba, duk wanda ya ce miki ya sani cika baki yake yi. Ki rubuto mini komai. Da wane kaya suka fito, sun zo da goyo, me suke cewa a layi, wa ya fara isowa. Kada ki taƙaita, kin san ni da son jin ƙwaƙwaf.

Kawunki mutumin kirki ne, ba na zarginsa da komai. Mista Lucius ma mutumin kirki ne. Amma ɗan takara ba shi kaɗai ba ne, akwai direbobin da ya ɗauko su yi jigila daga ƙauyuka, akwai makaɗa, akwai masu jiran su ga fuskarsa su san abin yi. In kika raɗa masa ya faɗi, fuskarsa za ta faɗa, motoci su tsaya. In kika raɗa masa ya ci, kafin ki juya an fara kiɗa, mutanen ɗaya ɓangaren su ga ba amfani su watse. Ko ta ina, akwai wata mata a wani ƙauye da ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita tana jiran mota, karo na farko a rayuwarta. Kuma abin da za ki gani da rana, ke ma ba ki da tabbacin shi ne ƙarshe.

Saboda haka ki saurare ni. Tun da kika girma ban taɓa ba ki umarni ba. Kin zaɓi karatunki, kin zaɓi komawa gida, na ce Allah Ya sa albarka. Wannan kuwa umarni ne: kada ki gaya wa Kawu Bala komai, da baki ko da ido ko ta hannun wani, sai an rufe rumfa ta ƙarshe. In ya aiko, ki ce kina aiki. In lokacin faɗa ya yi kuma shi ne a ƙasa, ki faɗi sunansa cikakke yadda za ki faɗi na kowa, kada muryarki ta nemi gafara. Bayan nan kada ki ɓuya a gidan ƙawa. Ki koma gidansa a ranar, ki tuɓe takalmi, ki durƙusa ki gaishe shi, ki zauna cikin masu jaje har a watse. A nan al'adarmu take da wurinta, kuma a nan nake so ki cika ta ba ragi.

Zai yi fushi, ban ce ba zai yi ba. Matansa za su ce an kawo 'yar Amurka ta ci tuwonsu ta tona musu asiri a duniya. In ya tambaye ki me ya sa kika bar shi ya ji a akwati, kada ki kawo masa dogon bayanin aiki, ba zai shiga ba a ranar. Ki ce, "Kawu, Baba ne ya hana ni." Shi ya sa na mai da shi umarni. Babu kawun da zai kama 'ya da laifin bin maganar ubanta, dole fushin ya tsallake ki ya zo kaina. Ni kuwa dama tun da na ɗauke masa ƙanwa na kawo ta ƙasar sanyi bai taɓa ganina da gashi ba, ƙari kaɗan ba zai kashe ni ba.

Ban yi wannan a bayan mamanki ba. Kafin in rufe takardar na karanta mata wannan shafin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yayana ne fa, Malam." Na ce na sani. Ta tashi ta shiga kicin, tun daga nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, abincina a rufe nake tarar da shi a tebur. Yana yi mini ciwo, don ban saba ba, amma na ɗauka. An riga an fara biya a nan Harlem, ke ba ki da sauran bashi, ki yi aikinki. Ɗazu da ta ga ina neman kan sarki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba, ta ce in rubuta miki ki riƙa cin abinci kafin ki fita.

Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na mutane. Allah Ya ba ki ƙarfin yin shiru a ranar da shiru zai yi nauyi, Ya sa a yi zaɓe lafiya a tashi lafiya, Ya ba kawunki abin da ya fi alheri. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku